Tsohuwar kwamfuta da manhajar kyauta: ina ƙugiyar haruffanmu ta maƙale?

Duk wanda ke bin kasuwannin bakin iyaka, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya ko daga Birnin Ƙwanni zuwa Illela, ya san cewa kwamfutar gwanjo ta zama haja kamar kowace haja. Ga ta nan jibge a kan tebur tare da caja da wayoyin salula, mai saye ya ɗaga, ya juya, ya tambayi lafiyar batir, a yi ciniki da sefa ko da naira, kowa ya kama gabansa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne manhajar da ke tuƙa na'urar, alhali kuwa a nan gizo ke saƙa.

Tun ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, in ban da ga waɗanda suka yi rajistar neman ƙarin wa'adi. Ma'anar haka ita ce kwamfutar za ta ci gaba da tashi tana aiki, amma ba mai ƙara toshe mata kafofin da ɓarayin intanet ke bi. Windows 11 kuwa, wadda ta gaje ta, tana da sharuɗɗa: sai na'ura mai sabon inji da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Da yawa daga cikin tsofaffin da ke isowa kasuwanninmu ba su cika wannan sharaɗi ba. Shi ya sa wasu matasa masu gyara ke ba da shawarar a koma ga Linux, manhajar da ba a biyan ko dala kafin a yi aiki da ita.

Shawara ce mai kyau, mu ma mun bi ta. To amma fa akwai wani tarnaƙi a cikinta da ya shafi duk mai rubutu da Hausa, kuma gara a san shi tun kafin a zare kuɗi daga aljihu.

Aikin gayya ne

Linux ba mallakar wani kamfani ba ce. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ne ya fara rubuta zuciyarta a 1991, ya sake ta ga duniya, kowa ya kawo gudummawarsa. A 1993 wani Ba'amurke, Ian Murdock, ya kafa Debian, wato tarin manhajoji da aka harhaɗa wuri guda domin mutum ya ɗora a kwamfutarsa ya kama aiki. Har yau ƴan sa-kai ne ke tafiyar da ita daga ƙasashe dabam-dabam. A kanta aka gina Ubuntu a 2004, wadda ke da kamfani a bayanta, a kan Ubuntu kuma aka gina Linux Mint a 2006, wadda masu gyara suka fi so saboda fuskarta ta yi kama da Windows. Dokarsu ta yarda ka kwafa, ka raba, ka ɗora a na'ura ɗari, har ka karɓi ladan aikinka, ba wanda zai kira ka ɓarawo. Sai dai a lura, ba kowace tsohuwa ke samun shiga ba: Debian 13 da ta fito a watan Agusta na 2025 ta daina ɗoruwa a kan na'urori mafi daɗewa, masu injin 32-bit.

Wanda ya taɓa kiran gayya ya san halinta. Kowa na kama kunyar da ta yi masa, ba mai tilasta wa wani, kuma in rana ta yi zafi gefen gonar da ke da ƙaya shi ake bari. A wannan gayya ta kwamfuta, gefen ƙayar shi ne rubuta littafin bayani. Masu haɗa manhaja sun fi jin daɗin ƙera sabon abu a kan su zauna su yi wa baƙo bayanin yadda zai yi amfani da wanda suka riga suka ƙera.

Mun ga haka da idonmu a gidan rediyon da nake aiki. Kwamfutar da muke buga sanarwa da ita ta tsufa har sai an yi shayi an sha kafin ta buɗe. Wani yaro mai gyara ya ɗora mata Linux Mint, ta koma kamar budurwa. Muka yi ta murna. Washegari wani ɗan kasuwa ya kawo cigiyar kayansa da suka ɓata a tasha, aka zauna bugawa, sai aka nemi ɓ aka rasa. Aka kira yaron, ya yi ƴan dube-dube, ya nuna cewa shi ma bai taɓa neman wannan harafi ba. Ranar da biro muka bi takardar muna ɗora wa haruffa ƙugiya, kamar yadda ake yi a zamanin tafireta.

Wani zai ce ai ba komai, Bahaushe ya saba karanta Hausa ba ƙugiya, a saƙon salula ma haka muke yi. Gaskiya ne, wanda ya goge yana gane kare daga ƙare, da baki daga baƙi, ta hanyar abin da ke gaba da baya. Amma ɗan ajin yaƙi da jahilci da ya fara haɗa baƙi bara ba shi da wannan gogewar. Kwamfuta kuwa ba ta da ita ko kaɗan. A wurinta d dabam, ɗ dabam. In yaron shagonka ya rubuta Danjuma yau a littafin bashi, gobe ya rubuta Ɗanjuma, to mutum biyu ne a wurinta; ka nemi ɗaya, ɗayan ba zai fito ba, bashinsa ya kwanta. Ga shi kuma a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ko ba jima ko ba daɗe, masu shagunan buga takardu za su riƙa karɓar aikin Hausa fiye da da.

Haruffan suna nan ciki

Abin da ya fi ba ni haushi da na bi diddigi shi ne, ba abin da ya ɓace. Kafin harafi ya fito a kwamfuta abu uku ake bukata: lambar da na'ura ke gane shi da ita, da zanensa da za a gani a allo da takarda, da kuma madannin da za a taɓa. Na farko an gama da shi tun farkon shekarun 1990, domin kundin haruffan duniya da ake kira Unicode ya ba kowane ɗaya daga cikin namu lambarsa: ƙ 0199, ɓ 0253, ɗ 0257, ƴ 01B4. Manyansu kuma Ƙ 0198, Ɓ 0181, Ɗ 018A, Ƴ 01B3. Mai karatu ya yanke wannan wuri ya liƙa a bangon shago.

A yawancin manhajojin Linux, in ka danne Ctrl da Shift da U tare, ka buga lambar, ka taɓa Enter, harafin zai fito. A LibreOffice, wadda ke tsaye a madadin Word da Excel, sai ka buga lambar ka danna Alt da X. Akwai ɗan tarko a nan da ya ci mana rabin yini: in harafin ya biyo bayan a, b, c, d, e ko f, kamar a cikin baƙi, na'urar na ɗaukar waɗannan a matsayin wani ɓangare na lambar. Maganinsa ka sa U+ a gabanta, wato U+0199. Zanen haruffan ma ba wuya, domin irin su DejaVu da Noto da Charis duk suna ɗauke da masu ƙugiya, kyauta.

Amma wa zai buga takardar yarjejeniya mai shafi 3 yana kiran lamba a kan kowace ƙ? Dole sai allon madannai. A jerin harsunan da Linux ke zuwa da su akwai tsarin Hausa har biyu, ɗaya da sunan Najeriya, ɗaya da sunan Gana. Dukansu a kan allon Ingilishi aka gina su, wanda ke farawa da QWERTY. Mu kuwa a wannan gefe na iyaka kwamfutocin da suka biyo ta Faransa da Beljiyam allon AZERTY gare su. Ka zaɓi Hausa a kan irin wannan, ka taɓa A sai Q ta fito, ka taɓa M wani abu dabam ya fito, ga shi ba wata takarda da ke gaya maka inda aka ajiye masu ƙugiyar. Mutum ya gwada sau biyu ya gaji, ya koma Faransanci. Haka ma tsarin kwanan wata da kuɗi na Hausa, wanda suke kira ha_NG: na Najeriya ne, alamar naira yake sakawa. Ɗan canji zai yi dariya, amma mai rubuta rasit da sefa ba zai yi ba.

Akwai kuma bambancin da ke tsakaninmu da maƙwabta, wanda kwamfuta ba ta san da zamansa ba. Tun ƙa'idar rubutu ta 1999 a Nijar ƴ muke rubutawa, a Najeriya kuwa 'y. Kalma ɗaya ce a baki, biyu a na'ura.

Mafita mafi sauƙi da muka samu ita ce wata manhaja ta kyauta mai suna Keyman, ta ƙungiyar SIL mai aikin harsuna. Tana aiki a Linux da Windows da wayar salula, kuma tana da tsare-tsaren madannai na harsunan Afirka. Bayaninta da Ingilishi yake.

Su kuma masu ajami fa?

Wannan ya fi taɓa dattawan kasuwa, waɗanda da yawansu karatun allo suka yi kuma da ajami suke riƙe lissafinsu. Har yanzu da ajami aka rubuta darajar kuɗi a kan takardun naira 200 da 500 da 1000, ko da yake an cire shi daga ƙananan a 2007. Larabci yana fitowa a Linux ba matsala, daga dama zuwa hagu, amma da zanen gabas ta tsakiya, wanda idon almajirinmu bai saba da shi ba. Mu fa'unmu ɗigo ɗaya gare shi a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, kamar yadda yake a Alƙur'anin warshu. Unicode ta shigar da waɗannan a 2016, ta kuma ƙara wasu baƙaƙe na Hausa da Wolof a 2020. SIL ta zana salon rubutu da ya dace da su: Alkalami, mai kwaikwayon rubutun Kano, da Harmattan, da kuma Ruwudu, wanda aka ɗauko daga hannun Mangawan gabashin Nijar. Biyun farko suna cikin rumbun Debian da sunan fonts-sil-alkalami da fonts-sil-harmattan. Minti biyu sun isa a sauke su in akwai intanet. Amma ba sa zuwa da kansu, kuma in ba a gaya maka sunan ba, ba yadda za a yi ka yi mafarkinsa.

Ba wai littattafan bayani babu su ba ne. Babban littafin jagoran Debian wasu Faransawa biyu ne suka rubuta shi, Raphaël Hertzog da Roland Mas, a 2012 kuma jama'a suka yi karo-karo aka sake shi kyauta. Sai dai don injiniyoyi aka yi shi, ba don mai shagon hotokwafi ba. Manhajar da ke ɗora Debian a na'ura tana magana da harsuna fiye da 70, babu Hausa a ciki. A ganina ba ƙiyayya ba ce. A wannan gayya harshe na shiga ne in masu shi sun zo da fartanyarsu, kuma masu fassara da rubuta bayani ba sai sun iya haɗa manhaja ba. Malamin lakkwal da ya iya Faransanci ko Ingilishi, ya kuma san ƙa'idar rubutun Hausa, ya isa. Abin da ke hana mu sananne ne: tsadar intanet, ɗaukewar lantarki, da kuma cewa aikin ba ya kawo na cefane.

Kafin a kai ga wannan, ga abin da mai saye zai iya yi a ranar kasuwa. In mai gyara ya ce ya ɗora maka Linux, kada ka tsaya a kallon saurinta. Ka sa ya buɗe shafi ya rubuta Maraɗi, Ƙwanni, ɓarawo da ƴan kasuwa, manya da ƙanana, a gabanka. Ka sa ya buga su a takarda, domin wani lokaci allo na nunawa amma takarda ta fito da ɗan akwati a gurbin harafin. Ka tura rubutun zuwa wayarka ka ga ko ya iso lafiya. In ƙ ta rikiɗe ta zama wani abu, to da tsohon salon haruffa na dabara aka yi maka aiki, irin wanda ke aron gurbin wani harafi, kuma ba zai karantu a na'urar abokin cinikinka na Katsina ba. In mai ajami ne kai, ka nemi Alkalami da sunansa. Daga ƙarshe ya rubuta maka matakan da hannunsa a takarda, da Hausa, a cikin kuɗin aikin.

Mu a gidan rediyo tamu takardar shafi ɗaya ce, tana liƙe a jikin bango kusa da kwamfutar. Masu shagunan buga takardu biyu sun riga sun zo sun yi hotokwafinta.