Wa ke da alhakin gyaran tasha da lungunan Kuryar Madaro?

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da titunan cikin gari, magudanan ruwa, kasuwanni da tashoshin mota. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta ba su ikon rabon filaye a yankunan da gwamna bai ayyana a matsayin birni ba.

Saboda haka, idan shago ya ci hanya ko kwata ta toshe a Kuryar Madaro, sakatariyar Ƙaura Namoda za a fara tunkara. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ya rage ga matasa su tambayi kansilansu: nawa aka ware wa hanyoyi a kasafin bana?