Buhun Hatsi da Kututturen Kalgo: Aikin Mishan a Ƙauyukan Maraɗi

Duk wanda ya tashi a karkarar Maraɗi ko ta Katsina ya san iskar farkon damina. Manomi ya yi shuka, gero ya fito tsiri-tsiri, sai iska ta taso da rairayi ta binne shi ko ta yanke shi daga gindi. A sake shuka. Wata shekarar sai an yi sau uku ko huɗu, irin da aka ɓoye a rumbu ya ƙare, maigida ya shiga neman bashi. A farkon shekarun 1980 haka gonakin yankin Maraɗi suke, fili fetal. An sassabe itatuwa tun zamanin da Faransawa ke ƙarfafa noman gyaɗa, farin 1973 kuma ya ƙarasa da yawa daga abin da ya rage. Mata kan yi doguwar tafiya neman itacen girki, in ba su samu ba su hura wuta da kara da busasshen kashin shanu, abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki.

A wannan hali wani matashi ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya iso Nijar a 1981 tare da matarsa, a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM. Ƙungiyar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun 1893 mutanenta uku na farko, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar shiga arewa, biyun farko suka rasu cikin shekara guda. A 1924 ta kafa sansani a Damagaram, a 1950 ta buɗe asibitin Galmi a kan hanyar Maraɗi zuwa Ƙonni, sannan ta buɗe wurin jinyar masu cutar kuturta a Danja. Wa'azin Bishara ne ya kawo su, ba su taɓa ɓoye wannan ba. Amma wanda ya zauna a ƙauye dole ya ga mai ciwo da mai jin yunwa a ƙofarsa, shi ya sa akasarin talakawan yankin, waɗanda Musulmi ne, ta hanyar magani da awon jarirai da rabon hatsi suka san mishan.

Aikin da aka ɗora wa Rinaudo shi ne dashen itatuwa. A reni dogon yaro da turare a leda, a kai ƙauye, a dasa, a kewaye da ƙaya. Awaki su ci, gara ta ci, rana ta ƙone sauran. Kaɗan ne ke rayuwa, manoma kuma ba su ga dalilin ɓata lokaci a kan itacen da ba zai ciyar da kowa bana ba.

Wata rana a 1983, yana hanyar ƙauye da mota cike da dashe, ya tsaya rage iskar taya saboda rairayi. Ya sha faɗin cewa a wajen ya yi addu'a, don ya kusa fid da rai. Sai idonsa ya faɗa kan wani ƙaramin tsiro a gefen hanya, irin wanda kowa ke tsallakewa. Da ya duba ganyen sai ya gane toho ne daga kututturen itacen da aka sare tuntuni. Saiwar tana nan da rai, ta nutse inda laima take. Kowace shekara tana fid da toho, kowace bazara kuma manomi ya sassabe shi ya ƙone. Kalgo, sabara, gawo, magarya, duk suna kwance a ƙarƙashin gonakin da ake ce wa hamada.

Dabarar da ta biyo baya ba ta bukatar leda ko ban ruwa. Manomi ya zaɓi kututture, ya bar reshe ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ya cire sauran. Ya aske ƙananan rassan ƙasa da wuƙa ko gatari mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Da yake tsohuwar saiwa ke ciyar da su, cikin 'yan shekaru sun wuce tsayin mutum. Mutanen Maraɗi suka raɗa wa abin suna sassaben zamani.

Da farko dariya aka yi masa, ana ce masa mahaukacin Bature. Manomin kirki, a ganin jama'a, shi ne mai gona a share tas. Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan nauyi: a dokar wancan lokaci itace na gwamnati ne, ma'aikatan gandun daji kan ci mutum tara don ya sare reshe a gonarsa ta gado. Wa zai reni abin da zai jawo masa tara?

Sai ga yunwar 1984, wadda mutanen Nijar ke kira El Buhari saboda ta zo daidai da lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyakar Nijeriya. SIM ta shiga rabon hatsi a ƙauyuka kusan 100, amma da sharaɗi: mai son abinci ya bar toho a gonarsa. A nan ne nake ganin dole a tsaya a yi tambaya. Ɗora wa mai jin yunwa sharaɗi abu ne mai nauyi, musamman daga hannun baƙo mai wani addini, a wurin da mutane ke tsoron kada taimako ya zama ƙugiya. Abin da ya raba wannan da irin abin da ake tsoro shi ne sharaɗin bai taɓa imanin kowa ba, gonar mutum ya shafa, amfanin kuma nasa ne. Duk da haka, da rabo ya ƙare, kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan da aka bari an sare su. Wannan ya nuna iyakar abin da buhun hatsi zai iya sa mutum ya yi.

Waɗanda ba su sare ba su ne suka ci gaba da aikin. Maƙwabci ya ga iska ba ta binne shukar wane ba, ya ga matarsa na samun itace a bakin gona har tana kai ragowa kasuwa. Hukumomi suka sassauta, manomi ya fara jin itacen nasa ne. Daga nan ba a ƙara bukatar Bature ba, labari ya bi kasuwanni da 'yan cirani. Gawo kuwa ya yi wa kansa talla: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. A yankin Damagaram ma manoma da kansu suka farfaɗo da al'adar kare gawo da suka gada, ba tare da jiran mishan ba.

Rinaudo ya bar Nijar a 1999. Bayan 'yan shekaru, masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka kwatanta hotunan tauraron ɗan'adam da tsofaffin hotunan jirgin sama, suka ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood.

Itatuwa ba su kori yunwa daga Maraɗi ba. A 2005, bayan ƙarancin ruwa da farmakin fara, wuraren jinyar yara masu tamowa a garin sun cika maƙil, kuma har yau iyaye mata na kai irin waɗannan yara Galmi a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare sabon gero bai nuna ba. Amma a waccan shekarar, gidan da ke da itatuwa a gona ya samu abin sayarwa. Maigida ya sassare rassa ya ɗaura dami, yara su tsinto 'ya'yan gawo a kai wa masu kiwo, a dawo da tiyar gero, ba tare da an kai akuyar uwargida kasuwa ba.