Na'urar da ke gano abin da ƙasa ta ɓoye

A ƙasar Habasha akwai wani yanki da ake kira Afar. Mutanen wurin makiyaya ne, masu raƙuma da awaki. A watan Satumba na 2005 ƙasa ta yi ta girgiza a can, har ta tsage. Toka da hayaƙi suka fito kusa da wani dutse mai suna Dabbahu. Dubban mutane suka kora dabbobinsu suka bar wurin.

Me ya jawo haka? Can ƙarƙashin ƙasa akwai zafin da ke narkar da dutse, kamar yadda maƙeri ke narkar da dalma. In narkakken dutsen ya sami hanya ya ɓullo sama, shi ne ake ce ma dutse mai aman wuta.

Bayan abin ya lafa, malaman jami'ar Adis Ababa da abokan aikinsu na Turai suka je wurin da na'ura. Ba su gina rami ba. Waya suka shimfiɗa, suka binne bakinta a ƙasa, suka jira. A 2013 suka ba da labari cewa sun gano narkakken dutse mai ɗimbin yawa kwance ƙarƙashin yankin.

Ga yadda abin yake. Kullum akwai wutar lantarki ƴar kaɗan da ke yawo cikin ƙasa. Tsawa da walƙiya ke haddasa ta, rana ma na haddasa ta. Mutum ba ya jin ta, amma na'ura na ji. Busasshen dutse yana tare lantarkin nan. Narkakken dutse kuwa, da ruwan gishiri, da yumɓu, suna barin shi ya wuce. To, in aka auna wurare da yawa, sai a zana taswira: nan akwai tauri, nan akwai abin da ya narke ko ya jiƙe. Wani Bafaranshe, Louis Cagniard, yana cikin waɗanda suka fara bayyana wannan dabara, a 1953.

A Nijar, duwatsu masu aman wuta suna cikin Abzin, kuma yanzu ba sa aman wuta. Amma a Tafadek, arewa da Agadas, akwai marmaro mai ruwan zafi da mutane ke zuwa wanka don neman lafiya.

A Agiye da Gazawa da Gidan Rumji babu dutsen wuta. Damuwar manomi da makiyayi ita ce rijiya. Kowa ya san asarar da ke cikin rijiyar da aka gina gaba da yawa ba a tarar da ruwa ba: ga kuɗin siminti, ga wahalar magina, ga mata na ci gaba da tafiya mai nisa da tulu.

A nan ne ƙanwar waccan na'ura ke da amfani. Ita da batir take aiki. Ana shimfiɗa waya a zagaye fili kamar shingen garka, a saki lantarki, a yanke shi farat ɗaya, sannan a auna yadda ƙasa ta amsa. Aikin wuri guda ba ya cin yini, kuma ba ya ɓata gona. Malaman Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai sun yi irin wannan awo a kwarin Gulbin Maradi, don su san kaurin rairayin da ke riƙe ruwa.

Ƙasar jihar Maradi ba ɗaya ba ce. A kwarin Gulbin Maradi da na Gulbin Kaba ruwa ya fi kusa. A kan tudu yana da nisa. Can kudu kuwa, wajen Ɗan Isa da iyakar Najeriya, dutse na kusa da sama, kuma ruwa na maƙale ne cikin tsagoginsa. A irin wannan wuri ana iya dacewa a nan, a matsa taki kaɗan a tarar da dutse busasshe. Gina rijiyar burtsatse a can ba tare da awo ba, caca ce da kuɗin jama'a.

Sai dai na'ura ba boka ba ce. Yumɓu na iya ruɗin ta. Shi ya sa mai awo na kirki yake zama da tsofaffin maginan rijiya, ya tambaye su gaba nawa suka gina, da irin ƙasar da suka tarar.

Kuma ba ta faɗin ko ruwan na shaye ne. Mutanen Tibiri sun ga wannan. Daga 1985 zuwa 2000 garin ya sha ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwan garau yake a ido, amma akwai wani sinadari mai suna fuluwor da ya yi yawa a ciki. Haƙoran yara suka rine, ɗaruruwa kuma ƙafafunsu suka tanƙware. Saboda haka, in an gama sabuwar rijiya, kwamitin ruwa na gari ya nemi a ɗebi ruwan a kwalba a kai awo wurin ma'aikatan ruwa, a ba shi takardar sakamako kafin a fara sha.