Kalmar "Tomfoolery": Asali, Ma'ana da Fassara

Ɗalibin da ke fassara daga Ingilishi zuwa Hausa yakan ci karo da kalmar "tomfoolery" ya ɗauka zagi ce mai zafi. Ba haka take ba.

Kalmar ta samo asali daga "Tom Fool", laƙabin da mutanen Ingila suke yi wa wawa tun ƙarni na 14. "Tom" gajarta sunan Thomas ne, "fool" kuma wawa. A farkon ƙarni na 19 aka ƙara ɗafa-ƙeya "-ery", sai ta koma sunan hali. Hausa ma tana da irin wannan gini: daga "sakarai" aka sami "sakarci", daga "shashasha" aka sami "shashanci".

Ana amfani da ita ga wasan banza na ganganci, irin na yara a aji idan malami ya fita, ko na samari a wurin biki. Mai yin sa yana da hankalinsa, raha ce ta ɗebe shi. Saboda haka malamin da ya ce "Stop this tomfoolery!" tsawatarwa kawai yake yi, kuma fassarar da ta dace ita ce "Ku daina wannan shiriritar!" Idan aka sa "wauta" ko "sakarci", an ɗora wa yaran rashin hankali, abin da mai maganar bai nufa ba.

A Landan kuwa, cikin zaurancen ƴan Kokni, kalmar tana nufin kayan ado na zinariya da azurfa, domin ƙarshenta ya yi amo ɗaya da na "jewellery".