Tarihin Neman Zinariya da Haƙƙin Haƙarta a Kalifoniya

A ranar 24 ga Janairu, 1848, wani kafinta mai suna James Marshall yana aikin gina injin tsaga katako a bakin kogin da ake kira American River, a wurin da ake kira Coloma, sai ya hangi wani abu yana walƙiya a cikin ruwa. Da aka jarraba shi, sai aka tabbatar zinariya ce. Kwana 9 bayan haka ƙasar Meziko ta sa hannu a kan yarjejeniyar da ta miƙa Kalifoniya ga Amurka. Wato dai an gano arzikin ne a daidai lokacin da tsohuwar hukuma take fita, sabuwa kuma ba ta zauna da gindinta ba. Daga nan ne duk matsalolin da za a yi bayani a kansu suka samo asali.

Da Shugaba Polk ya tabbatar da labarin a gaban majalisa a watan Disamba na 1848, sai jama'a suka yi ca daga ko'ina: gabashin Amurka, Meziko, Chile, Turai da ƙasar Sin. Kafin 1855 kimanin mutum 300,000 sun kwarara zuwa yankin, akasarinsu zuwa gindin duwatsun Sierra Nevada.

Da farko kayan aikin ba su wuce diga da shebur da tasa ba. Mai nema yakan ɗebi yashin kogi a tasa, ya riƙa jujjuya shi cikin ruwa. Da yake zinariya ta fi yashi nauyi ƙwarai, sai ta kwanta a ƙasa, yashin ya tafi. Daga baya aka ƙera akwatin girgizawa da dogon kwami mai tsani a ciki, aka kuma riƙa zuba zaiba don ta kama ƙurar zinariyar.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: wa ke da wurin haƙa? Gwamnan soja, Kanar Richard Mason, ya soke dokokin ma'adinai na Meziko a 1848, bai kuwa kafa wasu a madadinsu ba. A bisa doka ƙasar ta gwamnatin tarayya ce, saboda haka kowane mahaƙi kutse ya yi. Ganin babu mai raba gardama, sai mahaƙan kowane sansani suka riƙa taruwa suna tsara wa kansu ƙa'idoji da rinjayen murya. Wanda ya fara isa wuri shi ke da shi, amma sai ya kafa turaku a kusurwoyinsa, ya liƙa takarda mai ɗauke da sunansa, ya kuma je a rubuta a littafin magatakardan sansanin. An ƙayyade girman fili. Inda zinariya ta yi yawa, mutum kan sami ƙafa 10 tsawo da 10 faɗi kacal. Ƙa'idar da ta fi kowace ƙarfi ita ce ta aiki: wanda ya bar filinsa 'yan kwanaki ba ya taɓa shi, wani na iya shiga ya kama. Hikimar wannan a fili take, domin ta hana mai kuɗi killace wurare ya ajiye. A 1851 dokar jihar ta yarda kotuna su yi la'akari da waɗannan al'adu wajen yanke hukunci.

Sai dai kada ɗalibi ya ɗauka adalcin ya game kowa. A 1850 aka ɗora wa mahaƙa baƙi harajin dala 20 a wata, abin da ya kori 'yan Meziko da yawa. A 1852 aka kawo wani na dala 3 wanda ya fi faɗa wa Sinawa. 'Yan asalin ƙasar kuwa ba a ma lissafa su cikin masu haƙƙi ba. Kisa da cututtuka da yunwa suka rage yawansu daga wajen 150,000 zuwa kimanin 30,000 cikin shekara 30. Shi kansa John Sutter, mai injin katakon, an tattake gonakinsa, ya mutu a 1880 yana neman diyya bai samu ba.

Da zinariyar sama ta ƙare, sai aiki ya koma hannun kamfanoni. Daga 1853 aka fara rushe tuddai da ƙarfin ruwan mesa, laka ta riƙa cike koguna tana binne gonakin kwarin Sacramento, har alƙali Lorenzo Sawyer ya hana zubar da ita cikin koguna a 1884.

Majalisar Amurka ba ta yi dokar haƙar ba sai 1866, ta ƙara wata a 1870, sannan ta haɗe su a dokar 1872. Abin lura shi ne, ƙa'idojin sansani ta ɗauka ta mayar doka. Filin zinariyar cikin dutse bai wuce ƙafa 1,500 tsawo da 600 faɗi ba, na yashi kuwa eka 20 ga mutum ɗaya, kuma a wancan lokacin dole ne a yi aikin dala 100 a kowace shekara. A da, mai fili yana iya sayensa dungurungum a kan dala 5 ko 2.50 kowace eka. Wannan farashi bai canza ba fiye da ƙarni guda, har majalisa ta dakatar da karɓar sababbin buƙatun saye a 1994. Dokar kanta tana nan tana aiki.