Keken Lantarki da Sana'ar Ɗan Aike a Silver Spring

A arewa da Washinton, babban birnin Amurka, akwai wani gari mai suna Silver Spring, cikin jihar Maryland. Gidajensa sun haɗe da na babban birnin, har baƙo ba ya gane inda iyaka ta ke. Ya sami sunansa ne daga wani marmaro mai ƙyalli kamar azurfa, wanda Francis Preston Blair ya tarar a wurin cikin 1840. Ga wanda ke neman abincinsa a bisa keke kuwa, abin lura game da garin shi ne yana kan tudu, fiye da ƙafa 300 bisa teku, alhali tsakiyar Washinton tana kwance kusa da kogin Potomac. Saboda haka duk wanda ya ɗauko kaya daga birni ya nufi Silver Spring, hawa ya ke yi kusan dukan tafiyar.

Sana'ar aike da keke tsohuwa ce a ƙasar. Kamfanin UPS, wanda yanzu ya mallaki jiragen sama, ya soma ne a Seattle cikin 1907 da samari masu kai saƙo a ƙasa da bisa keke. A Washinton ma an yi zamanin da masinjoji ke sheƙa gudu da takardun lauyoyi da na ofisoshin gwamnati, har a 1998 aka yi gasar masinjojin keke ta duniya a birnin. Sa'an nan wasiƙar intanet ta ci kasuwarsu. Bayan 2001 kuma, sa'ad da aka aika da ƙwayar cutar antaraks cikin wasiƙu zuwa Majalisa, aka tsananta binciken saƙonni, aikin ya ƙara raguwa. Abin da ya farfaɗo da shi sayayya ce ta intanet. Takarda ta tafi, ƙunshin kaya da kwanon abinci suka maye gurbinta, su kuwa suna da nauyi.

To, a nan ne keken lantarki ya shigo. Mutum mai ƙoshin lafiya, in zai yini yana tuƙi, ƙarfin da ƙafafunsa ke bayarwa ba ya wuce wat 100 da yawa, watau kamar abin da ƙwan lantarki guda irin na dā ke ci. Injin da a ke maƙala wa keke yana ba da wat 250 zuwa 750. Waɗansu a cibiyar taya a ke sa shi, waɗansu a tsakiya wurin feda, inda ya ke jan sarƙa tare da mahayi. A cikinsa akwai wayar jan ƙarfe da aka naɗe, da maganaɗisu kewaye da ita. In lantarki ya bi ta wayar, sai ita ma ta zama maganaɗisu, su riƙa ja da turin juna, taya ta juya. Akwai kuma wata 'yar na'ura wurin feda mai jin motsin ƙafa ko nauyin takawarta, ta faɗa wa injin yawan taimakon da zai bayar. Mahayi yana tuƙi dai, amma tudu ya zama masa kamar fili.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1895 Ogden Bolton ya yi rajistar keke mai batir a Amurka. Abin da ya hana ta tasiri shekara da shekaru shi ne nauyin batir na darma. Sai a 1991 kamfanin Sony ya fito da batirin litiyam kasuwa, wanda ke riƙe wuta mai yawa cikin nauyi kaɗan, a 1993 kuma Yamaha ta Japan ta soma sayar da keke mai taimakon feda. Batirin keken yau ƙananan batura ne masu kamar tsawon yatsa, arba'in ko hamsin ko fiye, a jere cikin akwati guda. Matsakaicinsa yana ɗaukar wajen rabin yunit na lantarki, kuɗin cika shi a Maryland bai kai rubu'in dala ba, ya kan kai mutum mil 20 zuwa 40, gwargwadon nauyin kaya da tudu da iska. Sanyin hunturu yana rage wannan ƙwarai, shi ya sa masu yini a hanya su kan riƙe na biyu cikin jaka.

Me ya sa keke zai riga mota cikin gari? Ba domin gudu ba ne. Dokar tarayya ta 2002 ta ƙayyade cewa injin kada ya kai wat 750, kada kuma ya wuce mil 20 cikin sa'a in shi kaɗai ke ja. Maryland ta kasa kekunan aji uku a 2019, na ukun ne kaɗai a ke bari injinsa ya taimaka har mil 28. Asirin yana wurin tsayawa. Mai motar kaya a titin Georgia Avenue ko Colesville Road sai ya nemi wurin ajiye mota, in bai samu ba ya tare hanya, ya jira takardar tara. Mai keke kuwa a bakin ƙofa ya ke jingine shi. Yana da hanyoyinsa kuma. Akwai Metropolitan Branch Trail, wadda aka tsara ta kai kimanin mil 8 daga Union Station zuwa Silver Spring a gefen layin dogo, aka yi ta gininta kashi-kashi. A 2019 kuma hukumar gundumar Montgomery ta gyara mahaɗar Spring Street da Second Avenue yadda mota mai juyawa za ta rage gudu ta ga mai keke.

Amma keke ba ya ɗaukar lodin mota, ko da mai akwati ne a gaba ko mai ƙafa uku. Dole ya riƙa komawa ya ɗebo. Maganin da UPS ta gwada a Hamburg ta Jamus tun 2012 shi ne a ajiye babban akwatin kaya a tsakiyar gari da sassafe, kekuna su yi ta jigila daga nan. A unguwannin da gidaje su ke nesa da juna, kamar bayan garin Silver Spring, har yanzu mota ce ke da riba.

Wurin da lamarin ya fi nauyi shi ne batir. Yawancin masu kai abinci ta manhajar waya ba ma'aikatan albashi ba ne, da kuɗinsu su ke sayen keke, kuma batir mai kyau yana cin daloli ɗaruruwa. Bayan an cika shi sau ɗari biyar zuwa dubu ƙarfinsa ya kan ragu. Mai ƙaramin hali sai ya nemi na araha, ko wanda aka farke aka sake haɗawa, ko ya yi caji da abin cajin da ba nasa ba. Ruwan da ke cikin batirin litiyam mai kama wuta ne. In ɗaya daga ƙananan baturan nan ya huje ko ya cika fiye da kima, sai ya yi zafi, ya zafafa na kusa da shi, shi ma ya zafafa na gaba, cikin daƙiƙu kaɗan akwatin duka ya kama, da hayaƙi mai guba, kuma guga ɗaya na ruwa ba ya kashe shi. A birnin Niyok, cikin 2023 kaɗai, irin wannan gobara ta tashi sau 268, mutum 18 suka rasu. A shekarar nan birnin ya hana sayar da keken da ba shi da shaidar gwajin lafiya, irin wadda a ke kira UL 2849. Masu kashe gobara suna gargaɗi kada a yi caji ana barci, kada kuma a ajiye keke a bakin ƙofar fita. Gargaɗin daidai ne, sai dai wanda ya dawo tsakar dare zuwa ɗakin haya guda, zai kuma fita da asuba, da wuya ya iya bin sa duka.

Mutanen Kano da Katsina da Maraɗi ba baƙi ba ne ga ɗan aike mai babur. Tun da aka hana ɗaukar fasinja a kan acaɓa a Kano cikin 2013, aka kuma janye tallafin man fetur a Nijeriya cikin Mayu 2023, lissafin kai kaya cikin gari ya sake. Ƙasar Hausa galibi shimfiɗaɗɗiya ce, batir zai yi nisa fiye da yadda ya ke yi a tudun Silver Spring, ga rana kuma mai isa a yi caji da faifan sola. Abokin gaba a can zafi ne, domin zafin bazara yana tsofar da batirin litiyam da wuri, ya kuma matso da shi kusa da haɗari. Wanda zai gwada sai ya tanadi inuwa wurin caji, ya bar batir ya huce bayan tafiya kafin ya jona shi, ya kuma bincika ko akwai mai gyara da kayan gyara a garinsu kafin ya biya kuɗi.