Idan naƙasa ta haɗu da ciwon damuwa, ina taimako yake?

A Kiru ko Bebeji da ke Jihar Kano, wanda shanyewar ɓarin jiki ko haɗarin babur ya kwantar, jinyarsa takan koma hannun mata da 'ya'ya. Sukan iya wanka da ɗauke fo. Abin da yakan wuce su shi ne shirun da ya biyo baya: tuwo ya huce a kwano, rediyon da ba ya rabuwa da ita tana ajiye a kashe. Sai a ce haƙuri ne ya gaza. Wannan kuskure ne mai ciwo. Baƙin ciki, rashin barci da ƙin abinci da suka haura mako biyu alamun ciwon damuwa ne, kuma yana da magani.

A fara da asibitin sha-ka-tafi na unguwa, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Gashin ƙashi da sandunan dogarawa kuwa, Asibitin Ƙashi na Dala. A tambayi hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano (KSCHMA) game da rajistar marasa ƙarfi.

Dokar kare masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta hana nuna musu bambanci, amma ba ta turo mai jinya gida. Dole dangi su raba kwanaki, kada nauyin ya karya mace ɗaya. A riƙa juya majinyaci duk awa biyu saboda gyambon kwanciya, a fito da shi zaure da yamma ya ji hira. Idan ya ambaci kashe kansa, a kai shi asibiti ranar.